An Zubar Mini da Waken Gwaji

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama, ya kamun kifi?

Ni lafiya lau, amma raina a ɓace yake. Mako uku ina rainon wake a tagar ɗakina, kullum ina auna tsironsa, don gwajin darasin nazarin halittu. Jiya na dawo daga kwaleji na tarar Madam Pascoe, wadda nake zaune a gidanta, ta juye shi a shara. Wai, "Haba 'yata, wari yake yi!"

Da na gaya wa Malam Hocking, malamin darasin, ko ɗago kai bai yi ba. "Kerensa, ba sakamako, ba maki." Alhali da makin nan zai ba jami'a shaida a kaina!

Wata 'yar ajinmu ta ce in kwafi sakamakonta. Na ƙi. Ban baro tsibirinmu don in yi ƙarya ba. Na tsaya a ƙofar ofishinsa har ya ƙara mini kwana goma.

Ka aiko mini da kwaɗo a jirgin Litinin, zan riƙa kulle ɗakina. Allah ya tsare ka a teku. Kada ka gaya wa Mama na yi kuka.

'Yarka,
Kerensa