Na Tashi Daga Injin Numfashi, 'Yata Ta Tattara Littattafanta

Malama mai fili, ki taimaka mini, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni mai gyaran famfo ne, karatuna aji huɗu, shi ma na huɗun a bakin taga na yi shi. Shekara talatin ina zura bututu a gidajen mutane, bana Allah ya kawo ranar da aka zura mini nawa a maƙogwaro. Huhuna ne ya cika da ruwa, ga mai gyara a kwance. Kwana goma sha tara inji na yi mini numfashi.

Babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a karatun likita. Ta duba takarduna, shekaruna, iskar da ke jinina, yadda ƙodata ke aiki, ta haɗa lissafi, babban likita ya ce haka ne. Uwarta ta matsa mata, ta faɗi gaskiya: irina, cikin ɗari tamanin ba sa tashi. Nan aka kira dangi. Ƙanena ya tsaya a kaina yana kuka, ya nemi gafarar sifanar da ya ara shekara tara. Surukina har ya gwada takalmana.

Sai na tashi. Tun daga ranar nake kiranta Likita Tamanin, gaban baƙi, gaban ƙannenta. In ta miƙo ruwa sai in tambaya ko gawa na sha. Kowa dariya, ni kuma ina jin kaina gwani. Shekaranjiya na tarar ta zuba littattafanta a kwali ta ɗaure da igiya. Ta gaya wa uwarta ba za ta zauna jarrabawar wata mai zuwa ba, wai wadda ta binne ubanta da rai ba ta cancanci duba kowa ba. Uwarta ta daina yi mini magana. Yaya zan yi?

Wanda ya ƙi tafiya

Baban likita, barka da arziki. Wanda ya leƙa kabari ya dawo yana da haƙƙin dariya, na kuma san da ita kake korar tsoron da ka sha. Amma 'yarka ba ta yi kuskure ba. Tamanin cikin ɗari na nufin ashirin suna tashi, kai kana cikinsu. Lissafin na taimaka wa likita ya san wanda zai fi sa wa ido, ranar kowa kuwa Allah ne ya sani. Yarinyar ta haɗiye kukanta ta faɗa wa uwarta gaskiya, kai kana barci.

Ka binne sunan nan yau. Ka same ta ita kaɗai, ka ba ta haƙuri ba tare da barkwanci ba, ka ce ta yi daidai. Gaban waɗanda suka yi dariyar ma ka maimaita. Sannan ka kwance igiyar kwalin da hannunka. In tsokanar ta motsa, ga surukinka nan da takalma.

Allah ya ƙara lafiya, ya ba ta sa'ar jarrabawa.