Bauna Ba Za Ta Zo Rotterdam Ba

Malang, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Wiyono,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Rotterdam bai ƙarasa maka ɗan sauran gashin kanka ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan kalau muke, sai gwiwata da ta daina shiri da matakala. 'Yarka Retno ta sauka lafiya, namiji, kuma duk mai ido ya shaida jikan nan nawa hancina ya ɗauko.

Ka san mun sayar da babban gida za mu koma ƙarami kusa da Retno. To, matata, yayarka Lastri, ta kafa doka: cikin na'urorina na ƙara sautin kiɗa, amfilifaya ɗaya tak ce za ta bi mu. Ni, Dik ƙanena, da na fara da facin taya a bakin titi har na mallaki shaguna, ba wanda ya taɓa kafa min doka sai matar nan. Na rabar da sauran ina ji kamar ana zare min haƙora, suka rage biyu. Akwai Bauna, tsohuwar nan mai kwalaben lantarki a ciki, wadda ƙarti ke nishi kafin su ɗaga, in ta ɗau zafi falo ya koma gidan burodi. Sai Siririya, da ba ta zafi ba ta gunaguni. Na yi maka alkawarin wadda ta faɗi a gwaji, har na ce ka share wa Bauna wuri, tunda Lastri ta daɗe tana kiranta murhun shaiɗan.

Amma ni ba na yanke hukunci da ka. Na tara abokan sauraro, na ɗaure wa kowa ido da tawul, na sa faifai ɗaya a kowace. Pak Gunadi likitan haƙori ya ce muryar Bauna kamar ta mai mura ce a cikin bargo. Na ce masa mai wuni da injin huda haƙori bai kamata ya sa baki a maganar kunne ba. Duk da haka kowa ya zaɓi Siririya, har da ni, na kuma sanar a gaban jama'a.

Ranar da masu ɗaukar kaya suka zo, sai ga Lastri daga kicin da ludayi a hannu, ta haye kan Bauna ta zauna. Ta ce, "Pak, maigida, in wannan ta tafi Rotterdam, ka bi ta, ku je ta riƙa dafa maka." Ashe kantar da ke saman Bauna, bayan labule, nan take jera tempenta, curin waken nan namu, a ganyen ayaba. Wai a sanyin Malang waken ba ya kamawa ya yi fari sai da ɗumin nan. Tempen da kake kuka a waya kana kewarsa, Dik, ashe ni da faifaina muke nunar da shi ban sani ba! Na ce to me ya sa ta kafa dokar? Ta ce ta ɗauka wadda na fi fariya da ita zan riƙe, wa ya aike ni ɗaure wa tsofaffi ido kamar masu wasan ɓuya?

Saboda haka Siririya ce za ta zo maka. Abokai kuwa na gaya musu na sake saurare a nutse, na jiyo wani ɗumi da kunnensu bai kai ba. Ka riƙe min wannan, musamman in Gunadi ya kira ka. Shekara da shekaru ana ce min in rage ƙara, yanzu da ta ƙunsa wake sai in ji daga kicin: "Pak, kunna mana! Ko ruɓaɓɓe kake so ka ci?"

Ka gaida matarka Ningsih, da yara Bagus da Laras. Lastri da Retno suna gaishe ku. Siririya muryarta garau, likita ma ya shaida, amma ka ja wa Ningsih kunne kada ta ɓata wakenta a kanta. Waƙa kawai ta iya.

Yayanka,
Sudarmaji