Ko Ɗaya Bai Buɗe Littafin Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, tarin nan ma ya kusa sakina, kada ki gaya wa Inna.

Ɗaliban nan ne za su kashe ni. Na ba su wani tsohon wasan kwaikwayo, na ce su karanta, su kalli fim ɗinsa, su kwatanta. A littafin, ɗan ya dawo daga tafiya ya tarar an binne ubansa. A fim kuwa ya iske tsohon da ransa, har suka ci abinci tare. Wallahi Yaya, ko ɗaya bai buɗe littafin ba! Kowa ya rubuto mini wai labarin ya ƙare lafiya. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Sai wata mai bakin tsiya a kujerar baya ta ce, "Malama, ai mai fim ya fi marubucin tausayi. Ke wanne za ki zaɓa?" Na ce bambanci na tambaya, ba zaɓi ba, ta rufe mini baki.

Shugaban makaranta kuma ya kafe, wai babu mai tafiya gida sai an gama jarrabawa.

Don Allah ki daina ce mini Baba "yana samun sauƙi". Ki miƙa masa waya in ji muryarsa da kunnena. Ni dai na karanta littafin, na san ƙarshensa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki