Ruwan da Ban Zuba Ba

Zuwa ga jikana Tihomir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgin ruwa. Yaya tarin nan naka? Mu ƙalau muke, ban da gwiwata.

Ja'iri, ka cuce ni. Ranar tafiyarka na cika butar tagulla da ruwan rijiya, na tsaya a ƙofar gaba don in kwarara a gabanka, tafiyarka ta yi santsi kamar ruwa. Ashe ka sulale ta ƙofar baya, wai kada in yi kuka. Ban taɓa faɗa maka ba: kakanka Dragan sau ɗaya ya fita kamun kifi ban zuba masa ba, muna fushi. Kwalekwalen kaɗai ya dawo.

Ka ce aikinka cire ƙusa ne kawai, majaujawar ƙarfe ta cilla jirgin saman nan maras matuƙi. To, shi ba kowa cikinsa. Kai ne tsaye gefen dogon ƙarfen, teku na jijjiga ka. Rubuto mini.

Kakarka,
Ginka

Tihomir,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka, ko da yake tambayar ba ta samun amsa. Kwana goma sha tara ke nan. A rediyo sai zancen nakiyoyi masu yawo a teku.

Ranar Talata na hau tsaunin da kuka koyi aiki, da butata. Na ga majaujawar ta bayan shingen waya, doguwa, bakinta na kallon teku, jirgin kwance a kanta kamar ƙatuwar shamuwa. Na ce tunda ba ka, bari in zuba wa ɗan aikenka. Ina cikin kwarara soja ya riƙe hannuna, wai ko fetur ne. Na ce ya ɗanɗana.

Suka kai ni gaban babbansu, Kyaftin Velizar, yaro ne, gashin bakinsa bai gama yanke shawarar fitowa ba. Na tambaye shi inda jirgin ruwanku yake. Ya ce bakinsa ɗaure yake. Na ba shi labarin Dragan. Sai ya ce, "Kaka, saura nawa a butar?"

Da hannunsa ya kai ta gaban ƙarfen ya juye. Abin ya yi tsaki, jirgin ya tashi, na bi shi da kallo. Sai da na sauko na tuna: jirgin na zuba wa, ba kai ba.

Kakarka da ba ta barci,
Ginka

Tihomir, ɗan nema,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Katinka ya iso, layi uku, rubutu kamar tafiyar kaza. Wai an hana ku waya ne, kuma in kwantar da hankali, igiyar ruwa na jiƙa gabanka kullum. Ruwan gishiri ba ya cikin lissafi, shi ya ci kakanka.

Ga kwalbar ruwan rijiya nan a ƙunshin, tsakanin safa da cuku. Ba ta sha ba ce. Ka ba wani ya zuba a gabanka, ka taka. In sun yi dariya, ka hana su cukun.

Ƙofar baya kuma na sa kafinta ya buga mata ƙusa shida. Waɗannan ba za ka iya cire su ba.

Taka har kullum,
Ginka