Allurar Babanku

Auta 'yar albarka,

Gaisuwa mai yawa. Ya nauyin jiki, ya maigidanki? Allah ya sauke ki lafiya.

Ba na son tayar miki da hankali, amma ɓoyewa ba ta da amfani. An ga ƙari a hanjin babanku. Likita ta ce ciwon daji ne, amma an gano shi da wuri, za a yi aiki da zarar sugansa ya sauka. To, sugan ya ƙi sauka. Kullum yana juya min baya ya yi allurarsa ta insulin yadda ya saba, amma ƙishirwa da fitsari sai ƙaruwa. Ki sa shi a addu'a.

Taki,
Inna

Auta,

Ina fata kumburin ƙafar ya yi sauƙi. An ɗage aikin, kuma kin san dalili? Ina canza zanen gado na tarar da gefen katifa duk tabo, yana warin magani. Ashe katifa tsohon nan yake yi wa allura! Wanzaminsa ne ya nuna masa bidiyo a waya, wai insulin taki ne ga daji, yana sa shi yaɗuwa. Wallahi na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Da na gaji na zauna, sai na ga hawaye a idonsa. Wai tsoro yake kada ya tafi bai ɗauki ɗanki ba.

Na ja shi wurin likita. Ta ce masana suna ta binciken alaƙar magungunan suga da daji, ba a kammala ba. Abin da ta tabbatar shi ne, in aka yanka shi suga na sama, wurin ba zai warke ba, kuma jinkirin nan dajin yake yi wa rana. Yanzu ni ke yi masa allurar, yana tsokanata wai ramuwa nake.

Ki gaida maigidanki.

Inna

Auta,

Ya kwanan jiki? Alhamdu lillahi, sugan ya sauka, an cire ƙarin, likita ba ta ga alamar yaɗuwa ba. Yau da safe nas ta zo da allura, babanku ya riƙe rigarsa gam ya ƙi. Na ce shi ke nan, mun koma ruwa. Ashe ni yake nufi in yi masa, wai hannun matarsa kaɗai ya yarda da shi. Na karɓa na yi ina kuka, nas tana ta dariya.

Yana gaishe ki da kyau.

Mai ƙaunarki,
Inna