Bencin Ba Modu

Daren Laraba, Sha'aban, 1946

Yau Likita ya gano ciwon Ba Modu, dillalin shanun nan na unguwar Abbaganaram. Tun daminar bara yake zuwa da jan tabo mai ruwa a matsematsi da hammata. A asibitinmu kowane ciwon fata da bencinsa: na kutare, na masu ƙazuwa, na masu tunjere, ciwon da ake ɗauka wurin neman mata. Da yake nasa a matsematsi ne, sai aka zaunar da shi a na tunjere, wanda ke kallon hanyar kasuwa. Allura ba ta yi masa komai ba. Surukansa kuwa sun gan shi a kan bencin, sun ɗauke 'yarsu.

Likita ya duba ɗan naman da muka yanka daga ciwon, ya kira ni yana murna. Sankarar fata ce, irin da ba a cika gani ba. Damuwarsa ɗaya, ita ya tambaye ni: a fatar ta fara, ko daga hanji ta ɓullo? Abin da aka koya mana ke nan, kuma na amsa daidai. Har na ji daɗi, Allah Ya yafe mini.

Na gaya wa Ba Modu ba tunjere ba ne, sankara ce, kuma ba mu da maganinta. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗana, to a sauya mini benci."

Na roƙi Likita. Ya ce ba a sassaƙa benci don mutum ɗaya, kuma Ba Modu ba daɗewa zai yi a duniya ba.

Jibi zai dawo wankin ciwo. Ni ne mai nuna wa kowa wurin zama.