Na Ci Amanar Surukina a Kan Bushiyar Cuku

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin tsine mini, na riga kowa tsine wa kaina.

Ni kuku ne a Damagaram. Wanda ya koya mini aikin surukina ne, Baba, da ya daɗe yana dafa wa Nasara abinci a gidan kumanda, Baturen da ke mulkin garin. Shi ya ɗauko ni a unguwar Birni ina zaman banza bayan na bar lakwal, wato makarantar boko, ya koya mini riƙon wuƙa, daga baya ya ba ni 'yarsa. Akwai abin da ya iya wanda babu kukun da ya iya a garin nan, wato bushiyar cuku. Wata shekara ce cukun Nasara bai iso ba, motar ta lalace a hanyar Takieta, sai ya sayo na Buzaye a kasuwa, ya jiƙa a madara, ya kirɓa da man shanu, ya mulmula shi siffar bushiya. Ya murza ƙullun burodi sirara kamar tsinke, ya barbaɗa gishirin Balma, ya gasa, ya sossoka mata a baya suka zama ƙaya. Kanumfari biyu su ne idanu. In ka gan ta a faranti sai ka rantse za ta motsa.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, Madam matar kumanda ta shirya walimar ban kwana, aka gayyato ɗan ƙasa da zai gaji gidan. Mun riga mun ji cewa kuku ɗaya zai riƙe. Ranar walimar Baba yana fama da zazzaɓi, hannunsa na rawa, amma tun hantsi yake zaune yana soka ƙayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya kawo in taya shi, ya ce, "Bari ɗana, ita ce ta ƙarshe da zan yi wa matar nan." Ni na kai farantin falo, don na fi shi jin Faransanci, shi kuma ya tsaya a madafa can bayan gida. Baƙi suka taso suna tafi, mata suna ƙin a taɓa ta don kyau. Sai sabon maigidan ya ce, "Wa ya yi wannan?" Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Tsohon hannunsa ya mutu tun bara, ni nake rufa masa asiri." Madam ta dube ni, ta girgiza kai cikin tausayin Baba, har ta yaba mini wai ina da kirki.

Da na koma madafa na same shi ya jingina da bango yana jirana. Ya ce, "Yaya suka gan ta?" In na ce sun yi tafi, ai fita zai yi ya gaishe su, asirina ya tonu. Na ce, "Ba su taɓa ta ba, Baba. Madam ta ce ta karkace." Ya dubi hannuwansa ya daɗe, sannan ya ce, "To, Alhamdu lillahi." Wane irin mutum ne ni? Yunwa nake ji? Da an sallame ni, ba a tukunyarsa zan ci gaba da ci ba?

Aka riƙe ni, aka sallame shi. Ya koma ƙauyen Hamdara yana noman gero, bai sake riƙe wuƙar girki ba. Shekara uku ke nan. Duk sanda maigida ya nemi bushiya sai tawa ta tsage ko ta zube, in ce cukun yanzu ne ba shi da kyau.

Makon jiya aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani, muka tafi da maiɗakina. Ya rame, magana da ƙyar. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Na san hannuna ya gaza amma na ƙi ba ka, na sa ka ɗauki abin kunya ka kai gaban manya. Kullum ina gode wa Allah da bai sa laifina ya shafe ka ba." Maiɗakina ta fashe da kuka tana cewa, "Ka ji yadda Baba yake son ka?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na yafe, Baba." Ni! Ni ne mai yafewa!

Tun da muka dawo nake ta auna abin. In na faɗa masa gaskiya, zai san hannunsa bai taɓa gazawa ba, amma zai san irin mutumin da ya ba 'yarsa, kuma ita ma za ta sani. In na yi shiru, zai tafi kabari yana ganin shi ne mai laifi. Jibi Juma'a za mu koma, ban ma sani ba ko zan same shi. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?